Buhun Kanwa Mai Hula

Gidanmu gidan ɗaukar kaya ne. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya yi dako a Gagarawa Tasha zamanin da jirgin ƙasa ke tsayawa a loda masa gyaɗa. Ƙanena ya gaje shi, ya yi nasa dakon a kasuwar Maigatari. Ni kaɗai na fita daban, ba don na fi su dabara ba, sai don an haife ni da ciwon ƙirji, buhun ƙaiƙayi ma sai ya sa ni haki. Da mahaifinmu ya ga haka sai ya bar ni ga allo. Abin da na samo a can shi ya ba ni wurin zama a kasuwa: ina rubuta wa fatake alamarsu da ajami a jikin buhu, don kada kayan wani ya shige cikin na wani a mota. Rumfata tana daf da sikeli. Duk abin da aka ɗaga daga ƙasa a wannan layi, a kan idona aka ɗaga shi.

Yadda muka taso muka tarar, buhu ɗaya na mutum uku ne. Biyu su kama kunnuwansa su ɗaga, na uku ya duƙa su aza masa a gadon baya, ya hau katako ya kai cikin mota. In ya gaji sai su sauya. Amma akwai abin da ƴan dako ke kira ɗaukar ƙasa. Mutum ya tsaya shi kaɗai, ya rungumi buhu a inda yake, ya miƙe da shi, ya juya shi zuwa kafaɗa, ba wanda ya sa masa hannu. Da can wasa ne na bayan la'asar, in mota ta cika an zauna ana shan fura. Mahaifinmu ya yi suna da shi a kan buhun gyaɗa. Har ya tsufa, in muka bi ta Tasha, tsofaffi sukan tashi su ba shi hannu, su nuna wa ƴaƴansu shi.

Fatake ma suna kallon wasan, sai dai ba da idon da muke kallo ba. Da suka ga mutum ɗaya yana iya abin da ake kiran uku su yi, sai suka fara neman mutum ɗaya. Kafin ƙanena ya yi gemu, buhun gyaɗa da na gero sun daina samun masu azawa. Wanda ba zai iya ɗaukar ƙasa ba, sai ya koma turin baro.

Ƙanena ya fi mahaifinmu jiki. Wuyansa kamar turmi, ga shi da barkwanci, duk inda ya tsaya sai an taru. Shi ya fara ɗaukar buhun wake daga ƙasa, wanda ya fi na gyaɗa nauyi nesa ba kusa ba. Bayan wasu shekaru fatake suka ɓullo da wata dabara. Tunda a kan buhu ake lissafin mota, ba a kan nauyi ba, sai suka riƙa cika buhu har baki, su yanko rabin wani su ɗinka masa a sama da basilla, su sake cikawa. Ƴan dako suka sa masa suna mai hula. Da ya fito, mutum uku aka mayar masa, kamar da. Wata Alhamis ƙanena ya tofa yawu a tafi, ya rungume shi, ya miƙe. Na tuna ihun da aka yi, har awakin da ke ɗaure a layin baya suka tsinke. Ni ma na yi ihun. Ba a daɗe ba, duk buhun wake da na riɗi da ke shigowa kasuwa sai da hula, kuma ba mai aza wa kowa.

Saura abu ɗaya: kanwa. Mutanen Damagaram ke kawo ta a manyan motocinsu da suke kira kamyo. Kanwa dutse ce, ba ta lanƙwasa ta bi jikin mutum kamar hatsi, tsininta na huda buhu ya shiga nama. Ita ma aka yi mata hula. A nan ne ƙanena ya tsaya. Ya ɗaga buhun har gwiwa, ya ja numfashi zai kai shi ƙirji, sai muka ji wata ƴar ƙara kamar an taka busasshen kara. Bai yi ihu ba. Ya saki buhun, ya zauna a ƙasa a hankali, ya dube ni ya ce, "Yaya, ƙafata ba ta nan."

Mun kai shi wurin mai ɗori a Sule Tankarkar. Wanzami ya yi masa ƙaho har bayansa ya zama kamar rariya. A asibiti a Gumel aka ɗauki hoto aka ce ƙashin baya ne ya danne jijiya, aka ba shi magani, ciwon ya lafa, ƙarfin bai dawo ba. Tun daga nan yake zaune a zauren gidanmu na Ɗanzomo, a kan tabarma, da sanda a gefe. Yana iya jan jiki zuwa bayan gida. Salla a zaune yake yi, ya ɗan sunkuyar da kai a madadin ruku'u, ya ƙara sunkuyarwa a madadin sujada. Ya taɓa gaya mini cewa duk cikin abin da ya rasa, ba abin da ke cin ransa kamar goshinsa da ya daina taɓa ƙasa.

Buhun kanwa mai hula kuwa ya zauna yadda yake, na mutum uku. Shi kaɗai ya rage a kasuwar da ake aza wa mutum. Wasu dattawan ƴan dako biyu, abokan ƙanena, waɗanda ƙarfinsu ya ja baya, da wannan azawar suke ci da iyalinsu.

Ƙanena yana da ɗa namiji guda, ya girma ya yi aure, jikin uban sak. Mun so ya tsaya ga noma, amma gonarmu jigawa ce, abin da take bayarwa ba ya kai mu bazara. Shi ma ya shiga dako.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna zaure, ya shigo da wayarsa a hannu yana dariya.

"Baba, zo ka ga ƴan uwanka na ƙasar Turawa."

"In zo? Da wace ƙafar? Kawo nan, marar kunya."

Ya durƙusa ya riƙe masa wayar, ni ma na matso. Wani ƙato ne, faɗinsa ya kai ƙofar zaure, tsaye gaban wani sandan ƙarfe da aka jera wa faya-fayan ƙarfe dama da hagu. Jama'a cike da wuri suna ihu. Ya duƙa ya kama, ya ja, sandan ya lanƙwashe, fuskarsa ta yi jawur, ya miƙe har ƙarfen ya kai cinyarsa. Jini ya ɓalle masa ta hanci. Da ya saki sai ya durƙushe, mutane suka rufa a kansa.

"Rabin tan ke nan, Baba," in ji yaron.

"To, ya ɗaga. Ina zai kai shi?"

"Ba inda zai kai shi. Ajiyewa zai yi."

"A nan inda ya ɗauka?"

"A nan."

"Ba mota, ba katako?"

"Babu."

"Lallai ƙoshi ya yi wa mutanen nan yawa." Ƙanena ya yi dariya har ciwon ya soke shi, ya dafe ƙugu yana salati.

Yaron ya ci gaba da nuna mana, yana bayani kamar mai karanta wa'azi. Ya ce kafin wannan mutum ba wanda ya kai nan, a hankali aka riƙa hawa, wannan ya ɗara wancan. Bayan shi ma an yi shekaru kafin wani ya zo ya ƙara kilo ɗaya tak, duniya ta ɗauka. Daga baya aka sake ƙarawa. Ya ce su ma layi-layi ne kamar mu. Akwai waɗanda aka yarda su ɗaure hannunsu da maɗauri a jikin ƙarfen, su sa wata matsattsiyar riga mai riƙe ƙugu. Akwai waɗanda sai da tafin hannu tsura, nasu nauyin bai kai na waɗancan ba, amma suna ganin nasu ne na gaskiya. Akwai masu ɗagawa daga kan dakali, da tayoyin mota a madadin faya-fayai. Kowane layi da gwaninsa.

"Wannan da jini ya zubo masa," in ji ƙanena, "washegari ma an kira shi ya ɗaga?"

"Haba Baba. Sau ɗaya ne. Sai ya yi wata da watanni yana shiri, ga likitoci a tsaye."

Ƙanena ya kawar da kai daga wayar.

"Amma ka gani," in ji yaron, idonsa na kan wayar, "ba wanda aka ce shi ne na ƙarshe. Duk inda wani ya tsaya, wani zai zo ya wuce."

Yaron ya fita. Ƙanena ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Yaya, ka ji shi ko? Kanwar yake nufi. Na ga yadda yake tsayawa, na ga abin da ke idonsa, ni na san shi don na taɓa ɗaukarsa a nawa idon. In na yi magana zai ce baƙin ciki nake kada ya wuce ni. Kai yana jin nauyinka. Don Allah, don Annabi, ka hana shi. Mutum ɗaya ya isa a zauren nan."

Na ce masa in Allah Ya yarda.

Ranar Alhamis muka shiga mota ɗaya zuwa Maigatari. Da muka sauka na ce ya raka ni in sayi tawada, don in same shi shi kaɗai. Muka tsaya gindin wata bishiyar maina. Na yi masa nasiha yadda na iya. Na ce jiki amana ne, za a tambaye shi a kansa. Na ce ya dubi mahaifinsa. Na ce matarsa tana da ciki, ɗan da ke zuwa yana buƙatar uba mai tsayuwa da ƙafarsa. Ya saurara da ladabi, kansa a ƙasa, har na gama.

"Baffa, duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma ka san yaran nan biyu da suka zo daga Gagarawa bana?"

Na san su. Ƙarti ne, ba su kai shi shekaru ba.

"Tun da damina suke gwada ɗaukar kanwar a bayan sito, ɗaya har ya kai buhun daidai cibiya. In ban ɗauka ba, ɗayansu zai ɗauka kafin kaka. Ranar da ya ɗauka, an gama aza wa kowa kanwa. Ni ma dole in ɗauka daga ƙasa, ko in koma baro. Buhun nan, Baffa, ko ta yaya zai hau bayana. Gara ya hau ina na farko, fatake su riƙa kirana da suna, da ya hau ina na biyar."

Na yi shekaru ina zaune kusa da sikeli, na san bai yi ƙarya ba.

Duk da haka na je wurin sarkin dako. Tsohon abokin ƙanena ne, tare suka yi tashe. Na same shi yana cin goro a kan wani buhun dabino.

"Malam, yau kai ne a fadata? Ko alƙalamin ne ya yi nauyi a zo a aza maka?"

"Sarki, magana ce ta kawo ni." Na gaya masa. Na roƙe shi ya kafa doka, kanwa mai hula ta zauna ta mutum uku, duk wanda ya ɗauka daga ƙasa a kore shi daga layi.

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya tofar da goron.

"Malam, ina tsaye ranar da abokina ya zauna a ƙasa, ni na kama ƙafafunsa muka sa shi a mota. Kana ganin ban so in hana ba? In na kafa doka yau, gobe fatake su kwashe motocinsu su koma bakin titi, su kira yaran da ba su san ni ba. Ni sarkin masu ɗauka ne, ba sarkin masu buhu ba. Ka je ka yi masa addu'a, ita ce aikinka."

Na yi addu'ar. Na yi ta a sujada, na yi ta tsakanin kiran salla da iƙama. Abin da nake roƙo ma ya rikice mini. Wani lokaci in roƙi Allah Ya sa ya fasa. Wani lokaci in roƙi Ya sa buhun ya ƙi tashi tun daga ƙasa, ya ji kunya ya tsira da bayansa.

Ba a kai kaka ba. Wata Alhamis da hantsi, kamyo ya sauke kanwa, ina duƙe ina rubuta alama, sai na ji layin ya yi shiru. Na ɗago. Yaron ya tuɓe riga ya ɗaure ƙugu da rawani. Dattawan nan biyu masu azawa sun riga sun kama kunnuwan buhu, ya ce musu, "Baba, ku ɗan matsa." Suka dubi juna, suka saki, suka ja baya.

Na tashi tsaye, alƙalami a hannuna. Na so in kira shi, na ga in ya juyo a wannan hali zai fi muni. Samari sun zagaye shi, kowa ya ɗaga waya.

Ya buɗe ƙafafu, ya tsuguna, ya rungumi buhun ya jingina shi da ƙirji. Ya yi bismilla a bayyane. Buhun ya bar ƙasa. Ya kai gwiwa, inda ubansa ya tsaya, ya dakata a nan, jijiyoyin wuyansa sun fito kamar igiyar guga. Ni dai ina jiran ƙarar nan ta busasshen kara. Ba ta zo ba. Ya yi wani gurnani, buhun ya hau ƙirji, ya juya ya faɗa kafaɗa. Ya taka katako, ƙafafunsa na rawa, ya kai shi cikin mota.

Kasuwa ta ɗauki ihu. Aka ɗaga shi sama, ana kiran sunan ubansa da na kakansa. Ƙirjinsa duk ya yayyage da tsinin kanwa, yana dariya. Na nemi dattawan nan biyu da ido, na hango su sun koma gindin sikeli sun zauna, ɗaya yana kakkaɓe hularsa. A gefena kuwa, mai kanwar ya sunkuya wurin mai ɗinkin buhu, yana auna hular da tafin hannunsa.

"In aka ƙara kamar haka, ɗinkin zai riƙe?"

"Zai riƙe, Alhaji, in an ninka zaren."

Ya juyo gare ni. "Malam, ka tsaya kallo, ga sauran buhuna ba alama."

Na duƙa na ci gaba da rubutu.

Na riga yaron isa gida, ana shirin magariba. Ƙanena na ganin fuskata ya sani.

"Ya taɓa?"

"Ya taɓa."

"Ya tashi da shi?"

"Ya tashi da shi, har cikin mota."

Wallahi sai da fuskarsa ta yi haske. Ya ɗaga sandarsa ya buga a ƙasa, ya ce, "Ɗana ne!" Bai rufe baki ba hawaye suka zubo. Ya juya fuska ga bango. Na zauna kusa da shi, ban san ko barka zan yi masa ko jaje ba.

Yaron ya iso da tsire a takarda, abokansa na biye. Muka tayar da salla a ƙofar gida, yana sahun gabana. Da aka ɗago daga sujada ta biyu za a miƙe, na ga ya dafa gwiwa da hannu biyu, ya ɗan jima kafin ya tsaya daidai. Ba wanda ya lura sai ni. Da na waiwaya bayan sallama, na ga ƙanena daga cikin zaure, inda yake salla a zaune, idonsa a kan bayan ɗansa.

Yanzu kanwa ba ta da masu azawa. Ɗaya daga cikin dattawan yana tura baro, ɗayan ya koma ƙauye wurin ƴarsa. Hular buhun ta ƙaru, da ina duƙawa in rubuta alama, yanzu a tsaye nake yi. Yaran Gagarawa sun ɗauka, wasu ma sun ɗauka bayansu, an daina ɗaga waya in an ga mutum ya rungumi kanwa. Sunan da yaron ya samu bai kai shekara ba. Yana nan yana dako. Da safe sai matarsa ta gasa masa baya da ruwan zafi kafin ya iya sa takalmi. In ɗansa ya miƙo hannu a ɗauke shi, sai ya zauna tukuna, sannan ya jawo shi cinya.

Ƙanena bai sake ce mini in hana shi ba. Ranar Laraba da yamma, jajiberin kasuwa, yakan sa a mirgino tsohon turmi zuwa bakin zaure, ya kira yaron ya tsaya a gaban turmin. Daga kan tabarma yake miƙa sanda yana taɓa masa ƙafa.

"Buɗe nan. A'a, ya yi yawa, mayar. Kada ka duƙa, tsuguna. Matso da shi jikinka, ba surukarka ba ce da za ka ji kunyarta. Ni nan na yi kuskure, na bar shi nesa da ƙirji."

Yaron ya gyara tsayuwa, ya ce, "Haka, Baba?"

"Haka. Zai ƙara maka shekara biyu ko uku, in Allah Ya so."

Nakan zauna in saurare su har rana ta yi ja. Sannan in ɗauki buta in zuba wa ƙanena ruwan alwala, tunda ba ya iya kai hannu ga ƙafarsa.